TAKARDA BA HATIMI

Shafi na 31

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rubuto cewa in gidan Awiti ya salwanta ba za ki yafe min ba, 'yar'uwa, ba ni na ce ta bar jakarta a ofis ba.

*

Ranar Lahadi da ƙarfe uku da rabi Awiti ta tsayar da tsohuwar motarta a gindin mangwaron ƙofar gidan dattijo Jaduong Magak, kamar yadda ta saba kowace Lahadi wata tara ke nan. Ta kashe mota amma ba ta fita ba. Burodi biyu da sukari kilo ɗaya suna kan kujerar gefe. Sai da ta biya kuɗinsu a kanti sannan ta tuna yau ba ziyara ce ta kawo ta ba, kunya kuma ta hana ta mayar wa mai kanti kayansa.

A cikin jakarta akwai wasiƙar lauya da aka kai mata ofis ranar Juma'a. Ta karanta har ta haddace. Shilin miliyan biyar da dubu ɗari huɗu, hayar siton kifi ta wata shida, a biya cikin kwana goma sha huɗu ko a haɗu a kotu. Kuɗin ba su ne suka tayar mata da hankali ba, irin waɗannan wasiƙu tana samun goma a mako. Sunan da aka rubuta a sama shi ya hana ta cin abinci kwana biyu. Ba sunan Kamfanin Kifi na Ondiegi ba ne, wanda ya durƙushe banki ya ɗora ta a kai ta riƙe, ta sayar da abin sayarwa, ta biya masu bin bashi. Sunanta ne ɓaro-ɓaro. Awiti Nyandiko, Mamboleo, Kisumu.

Shekara goma sha tara tana wannan aiki. Kamfani ya mutu, a kira ta. Ma'aikata suna ce mata mai wankan gawa, da a bayan idonta, yanzu har a gabanta. Abu na farko da aka koya mata ranar da ta fara shi ne hatimi. Wani ɗan katako ne da bai kai tafin hannu ba, an rubuta a jikinsa cewa mai riƙo tana aiki ne a madadin kamfani, ba da wuyanta ba. Ko takardar sayen tsintsiya ce sai an buga mata. In da hatimi, mai bin bashi ya je ya bi layi ya jira abin da ya rage a tukunyar kamfani. In babu, to ke kika yi alkawari, ke za ki biya, da gidanki da motarki da kujerun falonki.

Sau ɗaya tak a shekara goma sha tara ta sa hannu ba hatimi. A cikin gidan nan ne.

Tun ranar Juma'ar ta kira mutumin banki. Ya saurare ta tsaf, ya ce kai, abu bai yi daɗi ba, sai dai su abin da ta yi da sunan kamfani suka tsaya mata, ba abin da ta rubuta a gidan makoki ba. Ya ƙara da cewa tun da ta kira ma, mai sayen kamfanin da ake ta jira ya janye, aikinta zai ƙare ƙarshen wata. Ta kira 'yarta da ke aikin jinya a Kanada, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Can sai ga saƙo: Mama ina kan aiki, lafiya? Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta rubuta, lafiya lau.

Daga nan ta duba sunayen da ke cikin wayar tun daga sama har ƙasa. Lauyoyi, 'yan gwanjo, masu gadi, mai gyaran injin ɗakin sanyi. Mutum ɗaya ne a duniya da in abu ya dame ta take zuwa ta zauna kusa da shi ta ji sauƙi, Jaduong, shi ne kuma lauyansa ya aiko da wasiƙar.

Ta ɗauki burodin ta fita.

Ogola, babban ɗan Jaduong, yana tsakar gida yana ɗaukar hoton rufin akurkin kaji da wayarsa. Dillalin kayan mota ne a Nairobi, ƙato, mai tumbi, mutumin da ko tuwo aka ajiye masa sai ya ɗauki hotonsa kafin ya wanke hannu. Ya dube ta, ya dubi ledar hannunta.

"Madam, da burodi za a biya mu?"

"Ina wuni, Ogola."

"Burodi nawa ke nan a miliyan biyar? Ku ne masu lissafi."

Daga cikin ɗaki muryar tsohon ta fito, a hankali kamar kullum, ya ce Ogola ya ɗauki mota ya kai wa fasto buhun masarar da aka yi masa alkawari, kuma kada ya yi gaggawar dawowa. Ogola ya zura wayar a aljihu ya wuce ta gefenta yana fito.

"Shigo, 'Yar Alego. Shayi ya kusa hucewa."

Haka yake kiranta, da sunan garin iyayenta, yadda ake kiran matan gida. Tun rasuwar mijinta ba wanda ya sake kiranta haka sai shi.

Falon yana nan yadda ta bar shi makon jiya. Hoton matarsa marigayiya Min Ogola a bango, an rataya masa furen roba. Tebur, butar shayi, dafaffen dankali a faranti an rufe da wani farantin. Jaduong Magak yana kujerarsa, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, sanye da kwat ɗin da ya je coci da ita. Ya nuna mata kujerar marigayiyar, wadda ko 'ya'yansa ba ya bari su zauna a kai. Ta zauna a bakin kujerar, jakarta a cinya.

Tun a mota ta shirya abin da za ta faɗa. Ta ce ta san ba shi da masaniya. Ta ce ta san halin yaran yanzu, wataƙila Ogola ya binciki akwatinsa ya ga takardar ya kai wa lauya ba da saninsa ba, ita ba ta riƙe shi da komai ba. Ta ce in ya kira lauyan ya ce a mayar da wasiƙar sunan kamfani, za ta yi bakin ƙoƙarinta a rabon ƙarshe ya samu wani abu. Tana magana yana zuba mata shayi, ya sa sukari cokali ɗaya da rabi yadda take so, ya juya, ya turo mata.

"Ni na je wurin lauya. Ogola tuƙa ni kawai ya yi."

Ta dube shi.

"Baba?"

"Sha shayinki."

"Ka san abin da wasiƙar nan take nufi?"

"Na sani."

"Gidana, Baba."

"Na san shi ma. Mai koren ƙofa. Na taɓa sa a bi da ni ta layin."

Ba ta taɓa kai shi gidanta ba, ba ta taɓa kwatanta masa ba. Ta tambaye shi yaushe, ya ce da daɗewa, kafin ma a binne Min Ogola.

Ku da kuke tare da mu tun farko kun san ranar. Sati biyu da kama aikinta a kamfanin kifin, matar Jaduong ta rasu. Ana gobe biso, sai masu gadi suka kira ta cewa 'ya'yan Jaduong, mai siton, sun zo sun garƙame ƙofa da kwaɗo uku saboda tsohon bashin haya da Ondiegi ya bari. A ciki akwai giwan ruwa tan talatin a ɗakin sanyi, wuta ta ɗauke, janareto yana jiran mai, ba hanyar shiga. Kwana biyu kacal kifin zai yi ya zama abin toshe hanci, albashin mutum sittin kuma yana cikinsa. Kotu ba ta zama ranar Asabar. Sai ta ce bari ta je ta yi gaisuwa, ta roƙi tsohon.

Ta ɗauki jakar aikinta, ta kai bakin ƙofar ofis, ta tsaya. Wa yake shiga gidan makoki da jakar aiki? Ita da ake ce wa mai wankan gawa, ta shiga cikin mata suna kuka da jaka a hammata, ai sai a ce ta zo ƙirga kujerun mamaciya. Ta mayar da jakar cikin kabad ta kulle, ta ɗaura zane a kan siket ɗinta, ta sayi sukari da ganyen shayi ta tafi ba jaka kamar kowace mace.

Tsohon ya karɓe ta kamar ya san ta shekara da shekaru. Ya sa aka matsa mata wuri a cikin dangi, aka kawo mata tuwo da nama, ya ce wa mutane wannan 'yarsa ce. Da ta kawo maganar kwaɗo ya ce kai, yaran nan ba su da hankali, yanzu za a buɗe. Abu ɗaya ne, ta ɗan rubuta masa layi biyu ya nuna musu hankalinsu ya kwanta. Aka yago takarda daga littafin da ake rubuta gudummawar makoki. Ta ɗora a gwiwarta ta rubuta a gaban fasto da 'ya'yansa biyu. Wallahi ta tuna da hatimin, ba mantawa ta yi ba. Amma ta dubi tsohon da gawar matarsa ke kwance a ɗaki, ta ji nauyin ta ce masa ya jira ta je ofis ta dawo.

Wata uku ta biya hayar daga cinikin kifi. Daga nan banki ya share asusun tas, ya ce ta ci gaba da riƙe siton har mai saye ya zo. Duk Lahadin da ta ɗauko maganar haya a kan teburin nan sai Jaduong ya ɗaga hannu ya ce nan ba ofis ba ne, ta ci dankali.

Yanzu ta ajiye kofin a hankali.

"Kwaɗon nan, Baba. Wa ya ce a sa?"

"Ni."

"Ranar da matarka take kwance a ɗaki."

"Ranar ce kaɗai za ki zo min ba jaka."

Ya faɗe shi ne yadda mutum zai ce gobe za a yi ruwa. Ba kunya, ba alfahari. Ya ce ya yi tambaya a kanta tun ranar da aka naɗa ta. An ce masa mace ce mai tsantseni, ba ta cin hanci, ba ta sa hannu a komai sai da katakonta, ko coci da jakarta take zuwa. Amma an ce 'yar mutunci ce, ta san ya-kamata. Sai ya ce a ransa, to 'yar mutunci ba za ta shigo gidan makoki da kayan aiki ba.

"Ashe mutuncina ka kama ni da shi."

"Ba ki da wani wurin kamawa."

Ta ture kofin shayin gefe.

Sai ya gyara zama ya ba ta labarin da bai taɓa ba ta ba a duk Lahadin da suka yi tare. Shekara ashirin da huɗu da suka wuce, da kuɗin sallamarsa na aikin jirgin ƙasa ya gina siton nan. Wani kamfanin auduga ya kama haya, ya mutu, banki ya turo mai riƙo, wani ɗan gaye mai ƙamshin turare. Wata goma sha huɗu mutumin ya yi a cikin siton. Kullum Baba ka yi haƙuri, kullum ga takarda, kowace takarda da hatiminta shuɗi a ƙasa. Jaduong ya tara su a leda yana murna yana da shaida. Ranar da suka je kotu alƙali ya duba ya ce mutumin bai ci masa ko sisi ba, kamfani ne ya ci, kamfani kuma ya mutu. Aka ba shi abin da bai kai hayar wata ɗaya ba. Shekarar ce 'yarsa Akumu ta bar makarantar koyon jinya saura mata zango biyu, ta tafi aikatau Mombasa, daga can sai gawarta aka kawo.

"Tun ranar na san abin da katakon nan yake yi. Ku ku shiga gidan mutum ku zauna, in an ce ku biya ku ce ba ku ba ne, gawa ce ta zauna."

"Ba ni ce na yi maka ba."

"Ba ke ba ce. Amma da kin zo da jaka, da haka za ki yi min. Ko ƙarya na faɗa?"

Ba ƙarya ya faɗa ba. Da ta buga hatimin, da yau tana gida tana shan iska, shi kuma ya bi layi a bayan banki ya tashi da abin sayen gishiri. Ta yi wa masu gidaje da yawa haka, ta kuma yi barcinta.

Amma ba wannan ne yake ci mata rai ba. Ta dubi butar shayin, ta dubi farantin dankalin, ta dubi hannun kujerar da ta saba ɗora gwiwar hannunta.

"Wata tara, Baba. Wata tara kana ba ni shayi."

"Ina ba ki."

"Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni kai kaɗai ka kira."

"Ni kaɗai."

"Kana lissafin watanni ne?"

Nan ne fuskarsa ta ɗan canza. Ya sunkuyar da kai yana murza kan sandarsa. Ya ce da farko, e. Lahadi ta farko da ta biyu yana so ne ta saki jiki ta ci gaba da zama a siton. Amma gidan nan, tun da aka watse daga makoki, 'ya'ya suka koma Nairobi, daga Litinin zuwa Asabar ba ya jin muryar kowa sai ta kaji da rediyo. Sai ya tsinci kansa tun Alhamis yana tunanin dankalin da zai dafa mata. Wani lokaci ma sai ya manta da takardar sam, sai ya buɗe akwati neman wani abu ya gan ta.

"Shayin gaskiya ne, 'Yar Alego. Takardar ma gaskiya ce. Ban san yadda zan yi miki da su ba."

Da ƙarya ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Hawaye suka zubo, ba ta share ba. Ta ce masa gidan nan da ya je ya leƙa, shekara goma sha ɗaya ta yi tana gina shi. Da mijinta ya rasu danginsa suka karɓe na ƙauye, wai 'ya mace ɗaya ta haifa. Ɗaki ɗaya ta fara yi, ta shiga ba silin ba taga, tana toshe ramin da kwali. Ba mai zuwar mata, ta sani, ko maƙwabta ba sa aiko mata da abinci don suna ganin ranar da ta shiga gidan mutum to ta zo rufe shi ne. Amma in ta juya makulli ta shiga, nata ne. Shekararta hamsin da huɗu. In aka yi gwanjonsa kuma aka ji dalili, ba bankin da zai sake ba ta ko shagon kayan miya ta riƙe.

Ya saurara har ta gama. Sannan ya dafa sanda ya miƙe, ya shiga uwar ɗaki. Ta ji ƙarar makulli, ta ji murfin akwatin ƙarfe. Ya fito da takarda ninke huɗu, ya warware ta a kan tebur kusa da kofinta, ya danne gefenta da cokali.

Rubutunta ne, a karkace saboda gwiwa ta ɗora. Ni Awiti Nyandiko na yi alkawarin biyan hayar sito daga yau har ranar da zan mayar da makulli. Sa hannu, kwanan wata. Ta bayan takardar ana hango sunayen 'yan makoki, wane ɗari biyu, wance ɗari biyar. A ƙasan sa hannun kuma fili ne fari fat, daidai faɗin tafin hannu.

"Ita ke nan guda ɗaya," in ji shi. "Lauya bai gan ta ba tukuna, da bakina na faɗa masa ya rubuta. Gobe ƙarfe tara ya ce in kai masa."

"Ba kwafi?"

"Ni ban yi ba."

"Ogola fa?"

"Bai san inda nake ajiye makullin akwati ba."

"Ranar da na rubuta yana tsaye a kaina."

"Yana tsaye."

"Da waya a hannunsa?"

"Ranar matata nake shirin binnewa. Ban kula da hannun kowa ba."

Ta ɗaga kai ta dube shi. Mutumin da ya kula ba jaka a hannunta tun daga bakin ƙofa.

Ya kawar da ido, ya ce ɗan maraƙinsa yana ɗaure a rana tun hantsi, bari ya je ya mayar da shi inuwa ya ba shi ruwa. Ya ce ƙafarsa ba ta sauri yanzu, zai ɗan jima. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ƙara wani abu, ya dubi jakar da ke cinyarta, ya fita. Ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sandarsa yana zagayawa bayan gida.

Falon ya yi tsit, sai agogon bango.

Hatimin yana cikin jakar. Tun ranar Juma'a da wasiƙar ta zo take yawo da shi, har bayi, ita kanta ba ta san amfanin hakan ba. Yanzu ga takarda, ga fili, ga hatimi, ba kowa.

Yagawa ba ta taso ba. Fasto ya ga ta rubuta, 'ya'ya biyu sun gani, in takarda ta ɓace ranar da ta zo gidan kowa ya san inda ta shiga. Amma hatimi? Wa zai rantse bayan wata tara, a cikin hayaniyar makoki, cewa ba a buga komai a ƙasa ba? Kowa a garin nan ya san Awiti ba ta sa hannu sai da katakonta. Gobe lauya zai warware takarda ya ga shuɗin tambari, ya ce Jaduong ka ɓata min lokaci. Gidanta ya tsira.

In ba hoto.

In kuwa akwai hoton takardar a wayar Ogola, fara fat ba komai a ƙasa, to ba maganar gida ake yi ba kuma. Jabu ne. Lasisi ya tafi, gida ya tafi, ita ma a wuce da ita kurkukun mata, 'yarta ta gani a labarai.

Kyauta ce tsohon ya bar mata a kan tebur, ko kwaɗo na biyu ne? Ta juya maganarsa ta kowane gefe. Ya ce shayin gaskiya ne, ta kuma yarda, ta ga idonsa. Amma ranar makokin ma ta ga idonsa. Ta zaro waya kamar mai shirin kiran wani ta tambaya, ta tsaya tana kallon gilashin. Wa za ta kira? Da wani ne ya yi mata haka, nan gidan za ta zo, kan kujerar nan za ta zauna ta ce Baba me ka gani. Ba ta taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, ko ranar da ta kwana a ɗaki ba taga.

Shekara goma sha tara ba ta taɓa taɓa takarda bayan an sa hannu ba. Ta tuna koren ƙofarta. Ta tuna bishiyar gwandar da ta shuka a bayan kicin, bana ta fara 'ya'ya.

Ta zuge jakar.

Hannunta ya samu katakon ba tare da ta duba ba. Ta laluba ta ciro ɗan gwangwanin tawada, tsohuwa ce da ta ɗauko a gida cikin ruɗewa. Ta buɗe, ta danna hatimin a kai, ta gwada a tafin hannunta.

Ba komai.

Ta sake dannawa da ƙarfi, ta hura masa iska, ta sake gwadawa. Ko alama. Tawadar ta bushe ƙamas, wataƙila tun bara. Sai ta ji wata dariya marar daɗi tana neman ƙwace mata, ta ce a ranta to shi ke nan, Allah ya raba ta da abin kunya. Ta fara mayar da murfin.

"'Yar Alego."

Muryar daga tagar bayanta ta fito, kusa ƙwarai, labule ne kawai a tsakaninsu. Ba ta ji dawowar sandarsa ba.

"Ja aljihun teburin, na hagu. Akwai tawada a ciki, shuɗiya, irin taki."

Ba ta juya ba. Hatimin yana hannunta na dama, na hagun ya riga ya kai kan mariƙin aljihun tebur.

"Sabuwa ce," in ji tsohon a hankali. "Jiya Ogola ya sayo."